Poka ba belot ba ce: ga yadda ake buga Texas Hold'em

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku saboda wasan kartar nan, Texas Hold'em, wanda wayar salula ta kawo fadojin matasan Yamai, daga Bukoki har Yantala. Samari sun ɗauke shi da hannun belot, shi ya sa ba a raba hannu uku ba a yi gardama ba. Mu ce tun farko: buga shi da kuɗi caca ce, addininmu ya hana, kuma mun san gidajen da ta rusa. Da tsinken ashana ake iya buga shi, kowa a ba shi 100, daɗin lissafin bai ragu ba ko kaɗan.

Karta 52 ake amfani da ita, ban da joka, ba 32 ta belot ba. Mutum 2 zuwa 10 ke zama. Ana aje alama, ko murfin kwalba ne, gaban mai rabo, kuma bayan kowane hannu alamar ta matsa hagu. Kafin a raba, na hagun mai rabo ya zuba ƙaramin zubin dole, a ce tsinke 1, na kusa da shi ya zuba babba, tsinke 2. Sai a ba kowa karta 2 a kife.

Magana tana farawa daga na hagun mai babban zubi: ko ya bi da 2, ko ya ƙara, ko ya jefar da kartarsa ya fita. Mai ƙari ba ya ƙara ƙasa da ƙarin da ya gabata. In an daidaita zubi, mai rabo ya cire karta ɗaya ta sama ya aje gefe a kife, don kada wanda ya gane bayanta ya ci riba, sannan ya buɗe 3 a tsakiya. A sake zagaye, wannan karon daga hagun mai rabo, kuma wanda ba a zuba komi gabansa ba yana iya wucewa bai zuba ba. A cire ɗaya, a buɗe ta huɗu, a zagaya. A cire ɗaya, a buɗe ta biyar, a yi zagayen ƙarshe. Kartan tsakiya 5 ɗin nan na kowa ne. Daga 7 da ke gabanka, naka 2 da na tsakiya 5, za ka fidda 5 mafi ƙarfi. Cikin waɗanda ba su fita ba, wanda nasa suka fi ƙarfi shi ke cin tulin, wato duk abin da aka zuba.

Nan ne belot ke ruɗa mutane. Babu atu a poka. Ker, karo, pik da tirefil duk darajarsu ɗaya. Bale ba ya sarauta, 10 kuma ba ta fi sarki ba: as ne sama, sai sarki, dam, bale, 10, har zuwa 2. Wanda ba ya da komi, babbar kartarsa ce makaminsa. Tagwaye sun fi shi, tagwaye biyu sun fi tagwaye, ƴan uku sun fi su. Daga nan sai jeri, wato 5 masu bin juna, sai 5 masu alama ɗaya, kamar ker biyar, sai ful, wato ƴan uku haɗe da tagwaye, sai ƴan huɗu. A ƙoli akwai jeri mai alama ɗaya, mafi girmansa daga 10 zuwa as. A lura: ker uku da karo biyu ja ne duka, amma ba alama ɗaya ba ce, ba su cin komi. As yana zama ƙasa a as-2-3-4-5, yana zama sama a 10 zuwa as, amma dam-sarki-as-2-3 ba jeri ba ne.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta karta ta biyar. A ce tsakiya akwai as, 9, 9, 4, 2. Mai as da sarki ya ci mai as da 7, don tagwayensu biyu iri ɗaya ne, sarki ya raba su. Amma in dam ce a wurin 4 ɗin, mai as da 7 da mai as da 5 raba tulin za su yi daidai, domin dam ta tsakiya ce ta biyar ɗin kowannensu. Karta ta shida ba ta magana.

Haka wanda tsinkensa ya ƙare ba a kore shi. In ya tura 30 da suka rage masa, biyu kuma suka zuba 100-100, tulin farko 90 ne, iyakar abin da yake iya ci ke nan. Sauran 140 tsakanin waɗancan biyu ne. A ware tulin nan take, kafin a buɗe wata karta, in ba haka ba shayi zai huce ana ƙirga.

Ga masu jiran sa'a kuma: mai karta 4 masu alama ɗaya bayan an buɗe ukun farko, 9 ne suka rage da za su cika masa, kuma sau 35 cikin 100 kawai suke zuwa kafin ƙarshe. As biyu a hannu kuwa sau 1 cikin 221 ake samunsu.

Wassalam.

Daga wasu masu sha'awar wasan karta,
Yamai