Raƙumata ta miƙe

Assalamu alaikum, mutumina.

Na san laifina ne, wata huɗu ko gaisuwa. Akwai abin da nake son tambayarka, amma bari in fara sauke wannan: motar da kake kira akwala ta yi kwana uku gurfane a ƙofar gida, ciki a ƙasa, jiya da yamma ta miƙe. Da hannuna, ba bakanike.

Ni na jawo wa kaina kuma. Ka san motar tawa, Citroën Xantia, ba ta da sifirin, ba ta da shokazoba irin na taka. Kowace taya tana da ƙwallon ƙarfe, rabi iskar naitrojin rabi mai, da roba a tsakani, famfo kuma yana tura man. Tun 1955 Citroën suka fito da motarsu DS da wannan tsari a tayoyi huɗu, aikin Paul Magès, kai har yau kana ce masa tsafi. To, na ga koren man nan, LHM, ya koma kalar ruwan kwata, sai na ce bari in juye shi in wanke matatun da ke cikin tanki. Na gama, na tayar da inji, na zauna jira. Shiru. Jar fitilar STOP ta ƙura min ido, sitiyari ya yi tauri, mota ko motsi.

Ranar farko na zargi kowa ban da kaina. Na taɓa bel ɗin famfo, a ɗaure yake. Na kai sandar da ke ɗaga motar da sauke ta sama, na dawo da ita ƙasa ya fi sau goma. Na ɗaga motar da jak, na kafa mata ƙafafun ƙarfe, na leƙa bawul ɗin da ke daidaita tsayi ko sandarsa ta fita, tana nan daram. Ba wasa nake ba a nan: kada ka taɓa shiga ƙarƙashin irin wannan mota ba tare da an tokare ta ba, taɓa bawul ɗin kaɗan yana iya sauke ta a kan ƙirjinka.

Ƙanenka ya zo wucewa ya ba ni shawarar in ƙara man burki, wai ai mai mai ne. Da na bi tasa da duk robobin ciki sun lalace. Af, ka ji ya sake ɗaga bikin? Karo na uku ke nan. Uwargida ta ce ba za ta ƙara yin ɗinki ba sai ta ga kati da idonta.

Ina nake? Yawwa. A dare na biyu na kasa barci, sai na tuna ban ji ƙaran nan na "ƙyas" ba. Idan matsin mai ya kai wajen 170 a ma'aunin "bar", na'urar da ke tsare shi takan yanke da wannan ƙara, in ya sauka kusan 145 ta sake kamawa. Ba ƙara, ba matsi ke nan, ashe wahalar banza na yi a ƙarƙashin mota. Da safe na buɗe tanki inji na aiki, sai ga kumfa. Iska famfon ke zuƙa! Tiyon da ke kai masa mai ya tsage a baki, daidai inda na fizge shi lokacin ciro matatu. Tsagar ba ta kai faɗin farce ba, kuma ko ɗigo ba ta zubar, shi ya sa ban gani ba.

Na yanke bakin, na ɗura wa tiyon mai da mazurari har ya cika, na mayar na ɗaure. Na sassauta notin sakin matsi da sifana mai lamba 12, juyi ɗaya kawai, don in ka zare shi duka akwai ƙaramin ƙwallo a ciki da zai ɓace maka. Na bar inji ya yi minti biyu, na ƙulle notin. Ƙyas! Baya ta fara ɗagawa, sannan gaba, sak tashin raƙumi. Autana har tafi ya yi.

Yanzu "ƙyas" ɗin yana yawan maimaituwa, alamar ƙwallon ajiyar matsi ya gaji, kuma burki ma da shi ya dogara, don haka shi ne aikin mako mai zuwa. Kada ka fara min wa'azin in sayar.

Ka gaida madam da yara. Har yanzu sifanata mai lamba 17 tana wurinka.

Naka,
abokinka