Wasiƙa daga Zariya: ɗakin da ya ci sunan garinmu

Assalamu alaikum aminina,

Ina fata kana lafiya, da iyali da karatu. Yaya zaman Maleshiya? Mu nan sanyi ya fara shigowa, amma hazo bai rufe sama ba tukuna.

Daren Talata aka ɗauke wuta bayan magariba, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Can sai ƙaramin ɗana ya nuna wani tauraro mai haske yana tafe daga wajen Kufena. Maƙwabcinmu ya ce ai jirgin makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne. Na ce jirgi yana ƙyafta fitila, yana ƙara, wannan kuwa shiru, cikin 'yan mintuna ya ratsa sama ya ɓace. Tashar binciken sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, hasken rana ne ke dukan fukafukan solarta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗakin farko na tashar nan sunansa Zarya! Da Rashanci yana nufin alfijir, amma ni Bazazzage ban ji haka ba. Rasha ta ƙera shi da kuɗin Amurka, aka harba shi daga Baikonur a Kazakistan ranar 20 ga Nuwamba 1998. Bayan makonni biyu kumbon Amurka Endeavour ya kai na biyu, Unity, aka haɗa su baki da baki. Ka tuna gidan kakanka a Ƙofar Doka, duk wanda ya yi aure sai a ƙara masa ɗaki? To haka aka gina ta, don babu rokar da za ta ɗauki tan 400 da ɗoriya a tashi ɗaya. Turawan Turai suka kawo nasu ɗakin, Japan ta kawo nata, Kanada ta kawo wani dogon hannun ƙarfe mai ɗaukar kaya. Yau tsawonta mita 109, ta ɗara filin ƙwallo.

Asalinta kuma gaba ce tsakanin Sobiyet da Amurka. Tarayyar Sobiyet ta fara da tashar Salyut a 1971, Amurka ta mayar da martani da Skylab a 1973, sannan Mir ta Sobiyet ta zo a 1986. Shugaban Amurka Reagan ya sanar da sabuwar tasharsu a 1984, kuɗi ya hana ta tashi daga takarda. Sai a 1993, bayan Sobiyet ta wargaje, abokan gaba suka haɗa jari. Tun 2 ga Nuwamba 2000, da Ba'amurke ɗaya da Rashawa biyu suka tare, gidan bai taɓa kwana babu kowa ba.

Nisanta da ƙasa kusan kilomita 400 ne, kamar daga nan zuwa Sakkwato, sai dai a tsaye. Tana gudun kilomita 28,000 a awa, ta zagaye duniya cikin minti 90, wato alfijir 16 a yini. Da nake ba Baba labarin, nan ya tsayar da ni, ya ce to salla fa? Amsar tana garin da kake. A 2007 ɗan Maleshiya, Dokta Sheikh Muszaphar Shukor, ya je can cikin azumi, malaman ƙasar suka rubuta masa jagora: ya bi lokacin wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Don Allah ka tambayar mini ko ana samun ɗan littafin nan, Baba na son gani.

Abin da na ɓoye wa Baba shi ne ruwan shansu. Gumi da fitsari ake tacewa a sake sha, kusan kashi 98 cikin 100 na dawowa. Kuma kullum sai sun yi awa biyu suna motsa jiki, in ba haka ba ƙashi da tsoka su lalace, tunda babu nauyi.

Ana shirin sauko da ita cikin teku bayan 2030. Da ni ne, a ciro mana Zarya tukuna a ajiye a Samaru.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara. Kilishin da ka ce na ba wa ƙaninka, zai haɗa da kayan da za a turo maka.

Naka,
amininka na Tudun Wada