Hazon hunturu da kyamarar da ya kamata mu ƙera

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan hazo.

Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare kafin in yi ritaya. Idan muka zo darasin haske, nakan fitar da ɗalibai fili in ba su tabarau mai tace ƙyallin rana, in ce su dubi sama ta gefen da babu rana, su riƙa juya shi a hankali. Sai saman ya yi duhu, ya kuma washe. Amma a watan Janairu, idan hazo ya lulluɓe gari, duk juyin da za su yi da kyar suke ganin bambanci. Haske yana tafe ne yana kaɗawa kamar igiya, kuma ƙurar da ya ratsa takan sauya alƙiblar kaɗawar. Kyamara ta yau da kullum ƙarfin haske kawai take aunawa. Wadda ke auna alƙiblar tana iya rarrabe ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi da hayaƙin ƙonar daji, domin ƙwayoyinsu sun bambanta a girma da siffa.

A da sai babban tauraron ɗan'adam ke ɗaukar irin wannan na'ura. POLDER ta Faransa, wadda aka harba a 1996, faifan tace haske take juyawa tana ɗaukar hotuna ɗaya bayan ɗaya, alhali tauraron na gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa, don haka kafin hoto na gaba ya riga ya gusa. Masana a Jami'ar Maryland ta Baltimore County (UMBC) a Amurka suka ƙera kyamarar HARP, aka ɗora ta a tauraron da tsawonsa kusan santimita 30 ne, ya fara zagaya duniya a 2020. Dabararsu ita ce gilashi mai raba haske gida uku, idanu uku su kalli wuri guda a lokaci guda. A nan aikin yake: idan zafi ko sanyi ya gusar da ido ɗaya ko da ƙanƙani, awon ya lalace. Ƙanwarta, HARP2, tana kan tauraron PACE na hukumar NASA ta Amurka tun Fabrairun 2024.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A 2017 aka harba NigeriaEduSat-1, ƙaramin tauraron da Jami'ar Fasaha ta Akure da NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, suka shiga aikinsa a Japan. Akwai kuma tashoshin auna ƙura daga ƙasa a Ilori da Banizumbu ta Nijar, waɗanda za a iya gwada awon sama da nasu.

Jikata tana da asma. Duk hunturu muna kwana zaune da ita, kuma ba wanda ke gaya mana ranar da ƙura za ta sauko. Ina kira ga NASRDA da jami'o'inmu na Arewa su fara da ɗakin gwajin daidaita irin wannan kyamara, su ɗaura ta a jirgin sama ta bi hazon daga Maiduguri zuwa Sakkwato, kafin a kai ga batun harbawa.

Wassalam.

Malamin fiziks mai ritaya,
Gusau