Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya jama'a? Ba zan ja ka da nisa ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Tun da na ajiye aiki akwai wata tambaya da ake biyo ni da ita har gida, kuma ba a kawo ta sai bayan isha'i. Yaro zai tsaya a zaure, ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, yana ta murza hula a hannu, can sai ya ce: "Anti, don Allah ko kin san likitan da ba zai tona min asiri ba?" Bai damu da wanda ya fi ƙwarewa ko ya fi arha ba. Maza ne masu neman maza. Wasu 'yan daudu ne, wasu kuwa magidanta ne da mata da 'ya'ya. Da likitoci biyu nake haɗa su. Ɗaya ya tafi Saudiyya aiki.

Na baya-bayan nan wata biyar ya yi yana sayen maganin basir a kemis yana haɗawa da jiƙo, alhali ya san ba basir ke damunsa ba. Ya taɓa zuwa wani asibiti ya faɗa wa likita gaskiya. Ƙofa a buɗe, nas biyu a tsaye. Ɗaya ta ja a'uziyya, ɗaya ta buɗe masa wa'azi. Kafin ya kai tagar karɓar magani, mai ɗauko kati ya riga ya rarraba labarin, bayan kwana uku maganar ta isa unguwarsu. Na yarda da shi, domin na sha zama a irin wannan ɗakin ana hirar marasa lafiya da sunayensu. Ban tsawata ba. Wannan laifina ne, kuma ina neman gafarar Allah.

Na san za a ce doka. A Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu ɗaure wa ƙungiyoyinsu gindi. Ga kuma dokokin shari'a a jihohinmu. Ban rubuto don ka taɓa ko ɗaya ba, ba a hannunka suke ba. Amma a ina dokar ta ce likita ya kai ƙarar marar lafiyarsa, ko ya ƙi duba shi? A 2014 ɗin dai, shugaban nan dai, ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda sashe na 26 nata ya wajabta ɓoye sirrin marar lafiya, da kuma dokar hana nuna wa masu cutar ƙanjamau wariya. A 2018 Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya. Madalla da shi. Inda aka liƙa shi a bango, ya yi kyau ƙwarai, ƙura ma tana jin daɗin zama a kansa. Ma'aikata sun haddace dokar da ke ba su tsoro, wadda ta ɗora musu amana kuwa ko lambar sashenta ba su sani ba. Rantsuwar likitoci ta Geneva ma ta ambaci jinsin da mutum ke sha'awa ƙarara cikin abubuwan da ba za su shiga tsakanin likita da marar lafiya ba.

Kai ɗan boko ne, ka fi ni sanin binciken da aka yi a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015: masu jin tsoron zuwa asibiti a cikin waɗannan maza sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan dokar. Ƙidayar 2018 ta ce kashi 1.4 na manyan ƙasar nan ne ke ɗauke da ƙanjamau, a cikin maza masu neman maza kuwa ana maganar kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Wanda ya guje wa gwaji gida yake komawa, wurin matar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ta yaya za a kawar da cutar nan kafin 2030 kamar yadda kuke ta alkawari?

Ka tuna lokacin shan inna. Da iyaye suka rufe ƙofa, ba ka ce su suka jiyo ba. Sarakuna ka bi, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, har aka buɗe. Ka san magani ba ya aiki sai an yarda da mai ba da shi. Da Amurka ta dakatar da tallafi a Janairun 2025, cibiyoyin da waɗannan yara ke laɓewa su karɓi magani ba tare da tsangwama ba su ne suka fara girgiza. An ware naira biliyan 4.8 don sayen maganin ƙanjamau, mun gode. Sai dai kwali ba ya taka ƙafa daga sito ya je ya sami wanda ke tsoron ƙofar asibiti.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, takarda ɗaya nake roƙo. Ka rubuta wa asibitocin tarayya, ka kai maganar gaban kwamishinonin jihohi, a faɗa a fili cewa duba kowane marar lafiya ba laifi ba ne, fallasa shi ne laifi. Hukumar likitoci da ta ma'aikatan jinya su hukunta ko da mutum ɗaya ne, sauran za su shiga taitayinsu. A samar da hanyar kai ƙara wadda mai ƙarar ba zai sake tona kansa ba. Maganar labule da ƙofar da ke rufuwa a ɗakin duba marasa lafiya, da koyar da ɗalibai tun suna makaranta, na bar su zuwa wani jiƙon.

Yaron zai dawo ranar Alhamis. Likita ɗayan da ya rage min yana hutu sai ƙarshen wata.

Na gode.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kaduna