Wasiƙa daga Sinsinati: labarin gidan Taft

Sinsinati, jihar Ohayo, Amurka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa, yara kuma suna ta fama da karatu.

Ka tambaye ni ko su ma mutanen nan suna da manyan gidaje, irin wanda za a ce gidan su wane ne tun kaka da kakanni, ko kuwa kowa da ya yi gemu sai ya kama gabansa. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Akwai su. Duniya ta san Kennedy da Bush, amma garin nan da nake zaune yana da gidan da ya riga su shiga harkar mulki da nisa, wato gidan Taft. Ba ka isa ka yi yawo a Sinsinati ba ka ci karo da sunan ba: akwai titi, akwai makarantar sakandare, akwai gidan wasan kwaikwayo, akwai gidan adana zane-zane, har da wani babban kamfanin lauyoyi.

Tushen gidan a nan wani mutum ne mai suna Alphonso Taft. Shi ma baƙo ne. An haife shi a 1810 a jihar Vermont, can arewa maso gabas, ya gama jami'ar Yale a 1833, ya karanta lauya, sannan wajen ƙarshen shekarun 1830 ya taho yamma neman inda zai kafa kansa. Sinsinati a lokacin gari ne mai tasowa a bakin kogin Ohayo, jiragen ruwa na kai da kawowa, Jamusawa da 'yan Ailan suna ta kwararowa, babbar sana'ar garin kuwa yankan alade, har ta zame masa laƙabi. Tsallaken kogin jihar Kentaki ce, inda ake cinikin bayi har zuwa 1865. Ka ga ke nan ruwa kaɗai ya raba shi da bauta, kuma Alphonso yana cikin waɗanda suka rungumi jam'iyyar Republican tun tana jaririya. Ya yi alƙali a garin, ya yi ministan yaƙi da ministan shari'a a ƙarƙashin Shugaba Grant a 1876, daga baya ya yi jakada a Ostiriya da Rasha.

Duk waɗannan muƙaman ba su burge ni kamar wata shari'a guda da ya yi ba. A 1869 hukumar makarantun garin ta ce a daina karanta Baibul a makarantun gwamnati, domin fassarar da ake karantawa ta 'yan Furotesta ce, alhali makarantun da harajin kowa ake gudanar da su, har da 'yan Katolika da Yahudawa. Gari ya ɗauki zafi, aka garzaya kotu. Alƙalai 3 suka zauna, 2 suka ce dole a ci gaba da karatun, Alphonso shi kaɗai ya ce a'a, gwamnati ba ta da hurumin fifita addinin wasu a kan na wasu. A 1872 kotun ƙolin jihar ta bi ra'ayinsa. Gaskiyarsa ta fito, amma ya biya kuɗinta, don da ya nemi jam'iyya ta tsayar da shi takarar gwamna, wannan hukuncin aka riƙa yi masa gori da shi, bai kuwa samu ba. Ni da 'ya'yana suke makarantar gwamnati a wannan garin, ba wanda ya taɓa tilasta musu addu'ar da ba tasu ba, ka san dole in ga girman dattijon nan.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne. Matarsa ta fari, Fanny Phelps, ta rasu a 1852 ta bar masa yara maza 2, Charles da Peter. Shekara ta zagayo ya auri Louise Torrey, ita ce ta haifi William a 1857, sai Henry, sai Horace, sai 'yar auta da aka sa wa sunan marigayiyar, Fanny. Kai da ka san yadda 'yan ubanci yake cinye gidaje, za ka zaci a nan ne gidan zai tsage. Ina! Louise ta riƙe 'ya'yan mijinta riƙon uwa, kuma Charles ɗin nan, ɗan uba, shi ne ya zama bangon da William ya jingina da shi duk rayuwarsa. Charles ya auri Anna Sinton, 'yar wani hamshaƙin attajiri da ya yi kuɗi da ƙarfe, ya mallaki jaridar Times-Star, har ya taɓa mallakar ƙungiyar wasan Chicago Cubs. Shi kuwa William ma'aikacin gwamnati ne, albashi kawai, kuma albashin bai isa riƙe gida irin na manya a Washinton ba. Wansa ne yake cike giɓin, shi ya zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓensa, jaridarsa kuma tana tsaye a bayansa. A ganina, in ka cire aljihun Charles, da wuya a ji sunan Taft a wajen jihar Ohayo.

Na kai iyali gidan da aka haifi William, a kan tudun Mount Auburn. Gidan bulo ne mai hawa biyu, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, shiga kyauta ce, ma'aikacin gwamnati ne yake zagayawa da kai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin girmansa. Falon baƙi, ɗakin karatun maigida cike da littattafai, shi ke nan. Iyalin sun sayar da shi tun 1899, aka yayyanka shi ɗakunan haya, sai daga baya aka gyara. Mai yi mana bayani ya ce wasiƙun da Louise take rubuta wa danginta a Massachusetts sun taimaka wajen gane yadda cikin gidan yake a zamaninsu, don mace ce da ba ta barin komai, har kayan ɗakin da ta saya sai ta ba da labari. Gidan Charles kuwa, da ke cikin gari kusa da kogi, wannan fada ce. Fari tas, da ginshiƙai a ƙofar shiga, kuma a wannan barandar William ya tsaya a 1908 ya karɓi takarar shugaban ƙasa. Charles da matarsa sun bar wa mutanen gari gidan da duk zane-zanen da suka tara, aka buɗe shi a 1932. A bangon zauren shiga akwai zanen itatuwa da koguna da wani Baƙar fata, Robert Duncanson, ya yi tun wajen 1850, kafin su Taft su shiga gidan. An taɓa liƙe shi da takardar bango, sai da aka ɓare aka same shi. Nan na fi daɗewa a tsaye.

William mutum ne mai jiki ƙwarai, mai fara'a, wanda ba ya son rigima, kuma abu ɗaya yake so a duniya: alƙalanci. Ya fito na biyu a ajinsu a Yale a 1878, ya yi alƙali tun yana matashi, yana shekara 32 ya zama lauyan gwamnatin tarayya a gaban Kotun Ƙoli. Aka tura shi Filifin ya zama gwamnan mulkin mallaka a 1901, ya dawo ya riƙe ma'aikatar yaƙi da ubansa ya taɓa riƙewa. Abokinsa Shugaba Theodore Roosevelt ya yi masa tayin kujerar Kotun Ƙoli ba sau ɗaya ba, yana ƙi, da farko don bai gama aikin Filifin ba, daga baya kuma don matarsa Nellie da 'yan'uwansa idonsu na kan Fadar White House. Mahaifiyarsa ce kaɗai ta fito fili ta ce ɗanta na kotu ne, ba na siyasa ba. Ta rasu a ƙarshen 1907, ba ta ga zaɓen ba, kuma maganarta ce ta tabbata.

Ya hau mulki a Maris 1909. Ko wata 3 ba a yi ba, Nellie, wadda ta fi kowa son kujerar, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, maganarta ta sarƙe, shi da kansa ya riƙa zama yana koya mata furta kalmomi. Ta samu sauƙi har ta dasa itacen farko cikin itatuwan ceri sama da 3,000 da birnin Tokiyo ya aiko a 1912, waɗanda har yau ake tururuwar kallon furensu a Washinton. A wannan shekarar ce kuma abota ta watse. Roosevelt ya ga magajinsa ya kauce daga layinsa, ya fito ya yi takara da shi, jam'iyya ta rabu biyu, Woodrow Wilson ya wuce ta tsakiya. Shugaba mai ci ya zo na uku, jihohi 2 kacal ya ci, Utah da Vermont. Sai ya koma Yale yana koyar da shari'a, har 1921 da Shugaba Harding, shi ma ɗan Ohayo, ya naɗa shi Alƙalin Alƙalai. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa riƙe kujerun nan biyu. A nan ya yi aikin da ya iya: ya sa aka yi dokar 1925 da ta ba kotun damar zaɓar ƙararrakin da za ta saurara, kuma shi ya matsa aka gina mata mazauninta, ko da yake ya rasu a 1930, ginin bai kammala ba sai 1935.

Kada ka ce na zama maroƙin gidan. A jawabinsa na kama mulki ya nuna ba zai naɗa Baƙar fata muƙamin tarayya a kudu ba in dai Turawan wurin ba sa so. A 1927 kuma shi ya rubuta hukuncin da ya ba jihar Misisipi damar hana wata yarinya 'yar asalin Sin shiga makarantar Turawa. Uban ya tsaya shi kaɗai don 'ya'yan marasa rinjaye su zauna a aji ba tare da an ƙasƙantar da su ba, ɗan kuwa da irin wannan ta zo gabansa sai ya bi yadda aka saba. A gidan tarihin ba su cika jan wannan zancen ba, sai ka tambaya.

Robert, ɗan William, shi ne akasin ubansa. Ba fara'a, ba iya jan jama'a, sai kaifin ƙwaƙwalwa, don shi ya zo na ɗaya a Yale, ya zo na ɗaya a makarantar lauyoyi ta Harvard. Ya yi sanata daga 1939 har rasuwarsa a 1953. Shi ne Taft ɗin da ke cikin dokar Taft-Hartley ta 1947, wadda ta rage wa ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi, Shugaba Truman ya ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake shi. Taurin kan kakansa ya ɗauko. A 1946, lokacin da kowa yake murnar hukunta manyan 'yan Nazi, ya tashi ya ce shari'ar Nuremberg ramuwar wanda ya ci yaƙi ce aka sa wa rigar shari'a. Aka yi masa ca. A 1949 ya ƙi amincewa da NATO, amma kuma, duk da ra'ayin riƙau ɗinsa, ya goyi bayan gwamnati ta gina wa talakawa gidaje. Sau 3 yana neman jam'iyya ta tsayar da shi shugaban ƙasa, 1940 da 1948 da 1952, sau 3 ana kayar da shi, na ƙarshen Janar Eisenhower ne ya ƙwace. Uban da bai so ba an tura shi ya samu, ɗan da ya so ya mutu bai ɗanɗana ba. Rabo ke nan.

Ƙanwarsa Helen ta yi digirin digirgir a tarihi, ta zama babba a kwalejin mata ta Bryn Mawr, ka ga 'yar sana'arku ce. Ƙaninsu Charles, mai sunan baffansu, ya yi magajin garin Sinsinati daga 1955 zuwa 1957, kuma a siyasar gari ba layinsu ɗaya da wansa ba, don shi yana tare da masu yaƙi da 'yan kanzagin jam'iyyar da suka daɗe suna juya garin. Duk da haka tare suka kafa kamfanin lauyoyin da na ambata.

Daga nan wutar ta fara ja baya. Robert ƙarami, ɗan Sanata Robert, ya yi sanata daga 1971, aka kayar da shi a 1976. Ɗansa Bob, wanda ya taɓa koyarwa a Tanzaniya yana saurayi, ya yi gwamnan Ohayo daga 1999 zuwa 2007, shi ne tsatso na biyar. A 2005 aka gurfanar da shi a kotu saboda bai bayyana wasu kyaututtuka da aka yi masa ba, yawancinsu kuɗin wasan golf da cin abinci da wasu suka biya masa. Bai musa ba, aka ci shi tarar dala 4,000, aka sa ya nemi gafarar jama'ar jihar. Shi ne gwamnan Ohayo na farko da aka tuhuma da laifi yana kan kujera. Na san me za ka ce in ka ji girman laifin, ni ma na yi dariya, amma mutanen nan ba su ɗauke shi wasa ba, farin jininsa ya zube ƙasa warwas. Ya ƙarasa wa'adinsa, ya koma koyarwa a jami'ar Dayton, kuma tun daga nan ba a ƙara ganin sunan a takarar gwamna ko sanata a jihar ba.

Na ɗauki hotunan gidajen biyu, zan turo maka ta WhatsApp ko za su yi maka amfani a aji. In ɗalibanka suna da tambaya a kan shari'ar nan ta 1869, ka tattaro mini, ɗakin karatun garin yana da tsofaffin jaridu, zan leƙa in duba. Batun filin nan kuma, ka ce wa Yaya ya dakata da magana da dillalin har mu yi waya ranar Juma'a.

Ka gaida Hajiya da jiki, ka gaida uwargida da yara, da mutanen majalisa baki ɗaya. Maman yara tana gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini.