A duba ƙaramar na'urar MRI mai rangwamen kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan tsadar hoton MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu) da nisan da majinyata ke takawa kafin su same shi. Ina ganin akwai mafitar da ba a taɓo ba: ƙaramar na'urar MRI mai rangwamen kuɗi.

Babbar na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ko 3 sai an sanyaya ta da ruwan iskar heliyom, mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Idan wuta ta daɗe a ɗauke, injin sanyin ya tsaya, heliyom ya tsere, gyara ya gagari asibiti. Ƙaramar kuwa, irin Swoop mai tesla 0.064 da Amurka ta amince da ita a 2020, maganaɗisunta na dindindin ne. Ba ruwanta da heliyom, a soket ɗin bango ake jona ta, a gangara da ita har gadon mara lafiya. Jami'ar Mbarara a Yuganda ma ta haɗa irinta don duba jarirai masu taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa.

Ba ta rasa nakasu. Hotonta dishi-dishi ne, ƙaramin ƙari kan iya ɓoye mata. Hayaniyar lantarki daga janareto da inbata na zana layuka a hoton, zafin ɗaki kuma na rage ƙarfin maganaɗisun. Don haka sai an saukar da wayar kariya (earth) ƙasa da kyau, an daidaita sanyin ɗakin.

Shawarata, ma'aikatun lafiya na jihohi su fara gwada ta a sashen yara da na shanyewar ɓarin jiki, su horar da injiniyoyin gida kafin ta iso.

Naku,
Mai karatu daga Kano