Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaba Bola Ahmed Tinubu, daga Agege

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Samarinmu na Agege da Mile 12 sun ɗauko wata magana da ke hana ni sukuni: wai soja da farar hula duk kanwar ja ce, gara ma irin su Janar Tchiani na Nijar. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da Abacha ya karɓe mulki a Nuwamban 1993. Kai kuwa ganau ne, tunda sai da ka yi gudun hijira a 1994.

Nakan gaya musu kama-karya iri-iri ce. Ta soja da bindiga take zuwa, ta jingine tsarin mulki, abin da ta faɗa ya zama doka. Da Doka ta 4 ta 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. Akwai mai fakewa da akwatin zaɓe, kamar Paul Biya da ke kan kujerar Kamaru tun 1982. Iyayenmu 'yan NEPU kuma ta En'e suka sha, mai rawani da 'yan doka.

Ba ɗaya suke ba, wannan na tsaya a kai. Inda ake zaɓe, ko na jeka-na-yi-ka ne, akwai ranar da mai mulki zai zo neman talaka. Amma akwai inda duk suke haɗuwa: wanda aka zalunta ba shi da wurin kai ƙara, sai dai ya jira tausayin mai iko. Mutanen unguwar Maroko ta nan Legas da gwamnan soja Raji Rasaki ya rushe wa gidaje a Yulin 1990, bayan wa'adin kwana bakwai, su za su ba da wannan labari.

A nan samarin suke kayar da ni, ranka ya daɗe. Sai su tuna mini yaran Arewa da aka kama a zanga-zanga aka gurfanar a Abuja a Nuwamban 2024 bisa zargin cin amanar ƙasa, har wasu suka some a gaban alƙali. An sake su, mun gode, amma umarninka ne ya fitar da su. Da ba ka tausaya ba fa? Sai su ƙara da Ribas, inda a Maris 2025 aka dakatar da zaɓaɓɓen gwamna aka ɗora tsohon hafsan sojan ruwa.

Roƙona kaɗan ne. Duk wanda aka kama a zanga-zanga, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyun da tsarin mulki ya tanada, yaro kuma a kai shi kotun yara.

Naka,
Wani mai shago a Agege, Legas